Takalman Nasiru

A unguwar Hindawiyya ta Makka ba a cika kiran Issoufou da sunan da ke cikin fasfonsa ba. Larabawa suna ce masa Yusuf, yaran unguwa Ammu Yusuf, wato Baba Yusuf, tsofaffin da suka san zuwansa kuwa Isuhu Barrada suke cewa, saboda motar sanyi da ya tuƙa shekara ashirin da uku. Shi kaɗai ya riƙe rubutun da wani malamin lekwal, wato makarantar boko, ya yi masa a Tasawa, kuma duk ma'aikacin da ya rage masa harafi ɗaya a takarda sai ya sa shi ya gyara. Mutum ne da yake ganin suna abin kiyayewa ne. Wannan ya sa abin da ya yi wa sunan babban abokinsa ya cancanci a faɗa.

Ya zo Makka yana ɗan shekara ashirin da biyu. Ya yi aikin hajji, jirgi ya tashi babu shi, kuma har yau idan ya ba da labarin ba a gane wa ya bar wani tsakaninsa da jirgin. Shekara bakwai ya yi yana takari. Ya yi dako a Mina, ya tura tsofaffi a keke, ya koyi kowane lungu da ake shiga idan motar jawazat, masu kamen baƙi marasa takarda, ta ɓullo. Sana'ar da ta fi karɓarsa ita ce rakiyar alhazai zuwa kan dutsen Jabal Nur. Yana da ƙa'idarsa: matakala ashirin, a tsaya, kurɓi ɗaya na ruwa, kada a kalli sama. Yakan riƙe mutum ta ƙasan gwiwar hannu, ya tsaya ta gefen rami. Bai taɓa barin kowa a hanya ba, har matan da 'ya'yansu suka haƙura da su tun a ƙasa.

Daga baya ya koma gida, ya auro Ummulkhairi, ya dawo da bizar aiki da iƙama, takardar izinin zama, ya zama direba. Kamfanin da ya ɗauke shi yana kawo daskararrun kaji daga tashar jirgin ruwa ta Jidda zuwa gidajen abinci na Makka. Da yawa daga direbobin Jidda ba Musulmi ba ne, kuma kowa ya san allon da ke kan hanya kafin shingen Shumaisi, inda Musulmi yake miƙewa, wanda ba Musulmi ba ya ratse. Don haka aka tsara aikin gida biyu. Direban Jidda ya kawo mota cike zuwa wani gidan mai kafin shingen, direban Makka ya kawo wadda aka sauke, su yi musanyar mabuɗi, kowa ya juya inda ya fito. Kajin, da suka taso tun daga Brazil da takardar shaidar yanka, su kaɗai suke yin tafiyar gaba ɗaya.

Direban da aka haɗa shi da shi gajere ne, baƙi kamarsa, mai gashin baki da jan zare a wuyan hannu, ɗan wani ƙauye a ƙasar Indiya. Ranar farko ya faɗi sunansa sau uku: Narasayya. Issoufou ya gwada sau biyu, harshensa ya ƙi, sai ya ce masa daga yau kai ne Nasiru. Mutumin ya kaɗa kai irin na Indiyawa, hagu da dama, Issoufou ya ɗauki wannan a matsayin yarda. Haka sunan ya zauna shekara goma sha tara.

Ba su da harshe ɗaya sai Larabcin ma'aikata, wanda ba shi da jiya ba shi da gobe: fi, mafi, sawa-sawa, kalas, malish. Duka kalmomin ba su wuce ɗari biyu ba. Da su suka tattauna ciwon suga, da aurar da 'ya'ya mata, da halin mudir, wato manajansu, da birkin mota ta biyu wanda kowannensu yake zargin ɗan'uwansa da cinyewa. Minti ashirin ne kullum da safe, a kan benci ɗaya, da shayi a kofin takarda. In sun gama, Narasayya ya miƙa mabuɗi, ya ƙame kamar soja, ya ce, "Ana hina kalas." Ni nan ne iyakata. Da dariya yake faɗa, kuma bai taɓa fashi ba. A watan azumi ba a shan shayi, sai a zauna kawai, Narasayya kuma ya tura gorar ruwansa ƙarƙashin kujerar mota tun kafin Issoufou ya iso.

Yana son tambaya game da garin da bai taɓa gani ba. Da gaske ne daɓen Harami ba ya zafi ko da tsakar rana? Mutum nawa ke zagayawa lokaci ɗaya? Da ya ji Issoufou har yanzu yana hawa da mutane kan Jabal Nur a ranakun hutunsa, sai ya ce su ma suna da dutse. A bayan ƙauyensu yake, a samansa akwai haikali, wato ɗakin ibadarsu na Hindu, wanda aka sassaƙa tun zamanin da ba wanda ya riƙe lissafinsa. Ana hawa ba takalmi, ana zagayawa, ana aske kai. Issoufou ya ji wannan jerin, ya lura da yadda ya yi kama da aikin hajji, ya bar wa cikinsa. Narasayya ya ce ya yi alkawari, ranar da ya koma gida gaba ɗaya zai hau da ƙafarsa ya yi aski. Ya ce daga katangar gabas ana ganin ƙauyen duka, har da gidan da yake ginawa, kuma wata rana zai tsaya a wurin tare da Issoufou, ya nuna masa. Issoufou ya ce insha Allah, irin wadda ake faɗa wa abin da aka tabbata ba zai faru ba.

A gida kuwa, Nasiru Ba'indiye ya zama kamar ɗan dangi da ba a taɓa gani ba. Issoufou bai taɓa cewa Musulmi ne ba. Bai kuma taɓa cewa ba Musulmi ba ne. Sunan ya yi masa aikin, shi ya tsaya gefe. Ummulkhairi takan ƙulla dabino a kai wa Nasiru na buɗa-baki, Narasayya ya karɓa da hannu biyu. Wata Sallah ta yi dambun naman sa, wanda 'yan Hindu ba sa ci, ta ba da a kai masa, Issoufou ya cinye a hanya ya kawo mata godiya.

Wanda ya sa yake wannan taka-tsantsan shi ne Malam Tsoho, tela mai ritaya, wanda ya gaji dakalin ƙofar masallacin unguwa ba tare da kowa ya ba shi ba. Tsoho bai taɓa karantar da kowa ba, amma yana da hukunci a kan komai, daga tsawon wando har zuwa wanda ya dace a ci abincin gidansa. Duk bayan 'yan watanni yakan ɗago kai ya ce, "Isuhu, Nasirun nan naka yaushe zai shigo mu gaisa?" Issoufou ya ce aiki ya yi masa yawa. Tsoho ya ce Allah ya kawo sauƙi, ya koma kan carbinsa.

A shekara ta goma sha ɗaya, cikin zafin bazara, Issoufou ya faɗi a gidan man nan, shayi a hannu. Narasayya, wanda da ƙyar ya kai masa kafaɗa, ya goya shi zuwa mota, ya juya da shi asibiti a Jidda, ya zauna a gefen gado har aka cire masa ledar ruwa ta uku. Kajin ranar sun isa Makka da la'asar, kuma mudir ya yi ta magana a kai fiye da mako guda. Washegarin da Issoufou ya dawo aiki ya so ya yi godiya yadda ta kamata, ya duba cikin kalmominsu ɗari biyu, ya samu shukran kawai, wato na gode. Narasayya ya ce mafi mushkila, ba matsala, ya koma maganar birki.

Suga da ciwon zuciya suka mayar da Narasayya gida. Bayan haka sai saƙon murya a waya, sau ɗaya ko biyu a wata, kef hal, kwayyis, yara kwayyis, wato yaya kake, lafiya, yara lafiya. Haka aka yi shekara uku, har idon Ummulkhairi ya yi yana, na dama ya rufe, na hagu ya kama hanya. Autarsu Hadil, wadda ta fi iya bincike a waya fiye da Hausa, ta samo wani asibitin ido a Haidarabad ta Indiya. Issoufou ya tura wa Narasayya saƙo. Amsar ta zo cikin minti biyar, kuma rabinta ihu ne.

A jirgi ya shirya bayani. Zai ce mata ai a Indiya akwai addinai iri-iri, kuma shi bai taɓa cewa komai ba. Ya juya zai fara, ya tarar ta yi barci. A filin jirgi ga Narasayya, ya rame, yana dogara sanda, da jan ɗigon 'yan Hindu a goshi da ake hangowa daga wurin karɓar kaya, matarsa a gefensa da nata ɗigon. Ummulkhairi ta dube su, ta ce, "Nasirun ke nan?" Ya ce shi ne. Ta gaishe su da fara'a, ta tambayi ko jakunkuna sun fito duka. Issoufou ya gode wa Allah da yanar ido, abin da bai kamata mutum ya gode a kansa ba.

Kwana tara Narasayya ya yi yana musu hidima. Shi ya san layin da ake bi, shi ya yi musu tafinta daga yarensu zuwa Larabcin gidan mai, Issoufou kuma ya mayar Hausa, ta yadda bayanin likita na minti goma yakan iso wa Ummulkhairi a matsayin "ya ce za ki warke." Ya nemo musu masauki kusa da masallaci. Ya nemo mahaucin Musulmi ya kai Issoufou har gabansa. Matarsa takan zo da abinci a kwanuka masu hawa huɗu, ta zauna da Ummulkhairi su yi ta hira awa biyu ba tare da kalma ɗaya da suka haɗa ba. Aka yi aiki, aka buɗe ido, Ummulkhairi ta ga komai sarai, har da goshin Narasayya da matarsa. Ta ci gaba da kiransa Nasiru.

Ana saura kwana biyu su tafi, Narasayya ya yi roƙonsa. Ya ce alkawarin nan na dutse har yanzu bai cika ba. Tun dawowarsa jiki ya ƙi, likita ya ce kada ya hau shi kaɗai, surukansa sun ce za su ɗauke shi a kujera ya ce ba haka ya yi alkawari ba. Da ƙafarsa ya ce. Don haka ya jira gwani. "Inta mu'allim jabal," ya ce, kai ne malamin dutse. Tafiyar awa uku ce, a je a dawo a yini. Issoufou ya dubi matarsa, yana fatan ta ce ba ta son a bar ta. Ta ce ya je, ita tana da abokiyar hira.

Suka tashi bayan sallar asuba a motar haya. Hanya ta ratsa gonakin shinkafa da na auduga, da duwatsu manya da suka hau kan juna kamar an jera su da hannu. Narasayya ya sa farar riga sabuwa, amma a ƙafarsa tsohon takalmin fata ne da ya saya a Jidda, wanda Issoufou ya gane nan take, saboda tafin na hagu ya cinye a wurin taka kuloci. Ya ajiye shi shekara uku don wannan ranar.

Da hantsi suka isa gindin dutsen. Mata suna sayar da kwakwa da furanni ruwan ɗorawa, birai suna zaune a kan katanga suna duba jakar kowa. An sassaƙa matakalar a jikin dutsen, an shafa wa gefenta fari da ja. Issoufou ya dube ta da idon sana'a ya ce ba ta kai Jabal Nur ba, ko kusa. Ya kama Narasayya ta ƙasan gwiwar hannu, ya tsaya ta gefen rami, ya ba shi ƙa'ida: ashirin, a tsaya, kurɓi ɗaya, kada a kalli sama.

Wannan hawan shi ne mafi kyawun aikin da ya taɓa yi, shi da kansa ya faɗa. Yana jin bugun zuciyar mutumin a hannunsa, ya san lokacin da zai tsayar da shi tun kafin ya nema. Tsofaffin mata suna wuce su suna shafa kurkum a kowace matakala, irin tsofaffin da ya saba gani, masu hawan dutse da taurin kai maimakon ƙafa. Wani biri ya fizge gorar ruwansu, Narasayya ya yi dariya har sai da suka ƙara hutu. A matakala ta ɗari biyu ya nuna wani kogo inda mahaifinsa ya taɓa ɓoye shi daga ruwan sama. A ta ɗari uku suka iso wani fili mai inuwa, gabansu ƙofa ce ta dutse, doguwa, an sassaƙe ta da siffofi tun daga ƙasa har sama, wasu da hannu huɗu, ɗaya da kan giwa. Daga can ciki ana jin ƙararrawa da ganga. A nan ake cire takalmi. Wata tsohuwa tana zaune a gaban kanta tana karɓa tana ba da lamba. Bayan ƙofar saura matakala saba'in, kuma su ne mafi tsayi.

Issoufou ya yi tunanin wannan wurin tun a mota, kuma ya riga ya yanke wa kansa hukunci mai sauƙi: zai kai shi sama, ya tsaya a farfajiya, ba zai shiga ɗakin ba, ba zai sunkuya wa komai ba, zai dubi ƙauye ya sauko. Ya san bambancin rakiya da ibada, ya fi shekara talatin yana raka mutane. Har ya sunkuya zai cire takalminsa. Sai wani iyali da ke hutawa a inuwar suka gan shi, dogon baƙo da jallabiya da hula, suka taso da murna da wayoyi, suna roƙon hoto. Uban gidan ya dafa kafaɗarsa, wayoyi uku suka ɗaga, ƙofar da siffofinta a bayansa.

Daga nan zuwa Hindawiyya akwai teku da hamada. Amma a wannan lokacin Issoufou ya ga hoton ya riga shi gida, ya ga wayar tana zagaya dakali daga hannu zuwa hannu, ya ga Tsoho ya ɗaga tabarau. Ya janye kafaɗarsa. Ya saki hannun Narasayya.

Narasayya ya ɗauka hutu ne, ya jira. Da ya ga an daɗe sai ya ce ba wanda zai hana shi, ya nuna ƙofar, babu allo babu ɗan sanda. Ya ce ba sai ya shiga ciki ba, farfajiya kawai, katangar gabas, minti biyar. Issoufou ya nemi abin faɗa. A cikin kalmominsu ɗari biyu akwai jimla guda da take a shirye, an goge ta shekara goma sha tara. Ya ƙame kamar soja, ya yi murmushi, ya ce:

"Ana hina kalas."

Ya yi zaton za a yi dariya. Narasayya ya dube shi, dubawar ba ta yi tsawo ba. Ya kaɗa kai hagu da dama, kaɗawar da Issoufou ya daɗe yana fassarawa yadda ta yi masa daɗi. Issoufou ya yi sauri ya ce shi zai tsare takalma, ai ba a barin takalmi haka a wurin taro, a Harami ma ɓata suke yi. Tsohuwar tana zaune taku uku daga wurin da takalma sun fi ɗari a jere a bayanta, kowanne da lambarsa. Narasayya ya cire nasa, ya haɗa su, ya miƙa masa da hannu ɗaya, yadda yake miƙa mabuɗi. Ya juya ya shiga.

Daga inda Issoufou ya tsaya ana ganin matakalar duka ta cikin ƙofar. Ya ga mutumin ya yi ashirin ya tsaya, yadda aka koya masa. Ba shi da ruwa, biri ya tafi da shi. Ya ga ya yi goma sha biyu ya tsaya. Ya ga ya kalli sama, abin da aka hana. Wajen ta hamsin ya ajiye sanda ya ci gaba da hannu da gwiwa, farar rigar tana jan dutse. A Jabal Nur, da Issoufou ya ga baƙon da bai sani ba a wannan hali, da ya haura da gudu ko ba a kira shi ba. Nan ya tsaya da takalma a ƙirji. Wasu mata biyu masu saukowa suka juya, suka kama Narasayya hagu da dama, ta sama da gwiwar hannu, wanda ba haka ake riƙewa ba, suka ƙarasa da shi.

Tsohuwar ta miƙo hannu sau biyu a ba ta takalman ta ajiye. Ya ƙi. Ba don yana tsoron sata ba. In ya miƙa su, ba shi da sauran aiki a wurin. Da azahar ta yi ya duba alƙibla a waya, ya koma ƙarƙashin wata bishiya. Tsohuwar ta gane abin da yake shirin yi, ta kawo masa buhu mai tsabta ya shimfiɗa, ta kore biri, ta tsayar da masu wucewa ta gabansa har ya sallame. Iyalin nan masu hoto sun daɗe da tafiya, kuma babu alamar sun san akwai wani wuri wai shi Hindawiyya.

Bayan awa biyu Narasayya ya sauko, kai a aske, an shafa masa wani abu rawaya, fuskarsa ta yi toka-toka. Ya karɓi takalmansa ya ce shukran. Ya ce gidan yana nan, ya gan shi, an ga har tankin ruwa. Issoufou ya miƙa hannu zai riƙe shi don saukowa, ya bari aka riƙe shi. Matakala ɗari uku suka sauko bisa ƙa'ida, ba wanda ya yi maganar birki. An shirya za su biya ta ƙauyen su ci abinci, amma Narasayya ya ce ya gaji, a wuce. A mota ya yi barci, ko ya rufe ido.

Da yamma Ummulkhairi ta tambayi yadda gidan yake daga sama. Issoufou ya ce bai kai sama ba, ya yi mata bayanin siffofi da ƙararrawa, ya ƙara da abin da ya tuna na hukunci. Ta saurara da sabon idonta a kansa.

"Malam, goshinka ya nema ko hannunka?"

Ya ce hannu.

"To," ta ce, ta ci gaba da ninke kaya.

Narasayya ya raka su filin jirgi, da kwalin mangwaro. Bayan sun koma, Issoufou ya yi mako uku yana shirya saƙo. A Hausa yana da maganar, tana da tsawo, tana da tsari. Da ya zo mayar da ita Larabcin gidan mai sai ta tsuke ta koma kalma ɗaya, malish, wadda ake faɗa in an taka mutum a layi ko an zubar masa da shayi. Ita ya tura. Amsa ta zo washegari: mafi mushkila, Hajji. A wannan harshe, da wannan ake yafe wa mutum, da shi ake rufe magana da wanda ba a son a ƙara ji, kuma muryar ɗaya ce. Ya saurari saƙon ya fi sau talatin bai gane wanne ba ne. Saƙonnin kef hal suka ci gaba, sau ɗaya a wata, daga baya sau ɗaya a wata biyu.

Wata goma sha huɗu bayan tafiyar, 'yar Narasayya ta turo saƙo da Turanci. Hadil ta karanta, ta faɗa masa da Larabci, sannan ta maimaita da Hausa, don tana ganin irin wannan labari da Hausa ake faɗa wa uba. Narasayya ya rasu. Zuciyar ce.

Ranar bayan la'asar ya zauna a dakali, wurin da bai cika zama ba. Tsoho ya ce ya ji an yi masa rashi, Allah ya ba da haƙuri. Mutane huɗu ne a wurin. Issoufou ya ji in bai faɗa yanzu ba, ba zai faɗa ba. Ya ce sunan mutumin Narasayya, ba Nasiru ba, ya faɗe shi daidai, harafi da harafi, harshen bai ƙi ba ko kaɗan. Ya ce kuma ba Musulmi ba ne. Ya jira.

Tsoho bai ko ɗaga tabarau ba.

"Isuhu, mutum ya yi shekara goma sha tara a bakin ƙofar Makka, Musulmi, bai shigo umra ko sau ɗaya ba? Ai mu ba yara ba ne. Tun shekarar farko muka sani. Uwar Hadil ma ta sani, ita ta faɗa wa tawa."

Issoufou ya ce to me ya sa yake ta tambayar yaushe zai shigo.

"Ina jiran ranar da za ka gaji ne," Tsoho ya ce. "Mutumin da ya goya ka zuwa asibiti. In ji dai ka yi masa abin kirki da ka je garinsu?"

Aka kira sallar magariba ba da daɗewa ba, Issoufou ya tashi ya shiga masallaci.

Yanzu shekararsa sittin da shida, ya ajiye tuƙi. Gwiwa ta fara yi masa magana, Hadil tana faɗa, amma ranakun da ya ji ƙarfi yakan je gindin Jabal Nur da sassafe ya tsaya. Yakan bar matasa su wuce. In ya ga tsoho shi kaɗai, musamman gajere mai sanda, sai ya matsa ya kama shi ta ƙasan gwiwar hannu, ya tambayi sunansa, ya maimaita har sai ya faɗe shi daidai. Wasu sukan tsorata, suna zaton wani abu yake nema a wurinsu. Yakan ce musu ashirin, a tsaya, kurɓi ɗaya. Hoton da aka ɗauka a ƙofar haikalin bai taɓa isowa Hindawiyya ba. Ya sa Hadil ta nema masa a waya sau biyu, ko Narasayya ya fito a gefe, ba ta samu ba.